Jan Guga a Ruwan Norway

Ni na cika wa Mainasara takardar neman gurbin karatun nan da hannuna. Ina so a riƙe wannan tun daga farko, domin ni kaina shekara biyu na yi ina maimaita wa zuciyata shi.

Mainasara ɗan gwaggona ne, taubashina, na girme shi da shekara biyu. Ni ɗan Danwarai ne ta ƙasar Aliero, gidanmu noman albasa muka gada. Gwaggo kuwa a Jega ta yi aure, gidan masunta, ta haifo wannan dogon mutumin da ko wanka uku ya yi sai na ce masa ina jin ƙarnin tarwaɗa. Shi kuma ya ce da na shigo ɗaki idonsa ke soma hawaye. Haka muka tashi. Jami'a ɗaya muka yi, muka karanta ilimin halittun ruwa. Ni na fita da sakamakon da aka yi ta zancensa har a majalisar ƙofar gidanmu, shi ya fita da ƙyar da jiɓin goshi. Da aka buɗe gurbi biyu na digiri na biyu a ƙasar Norway, sai na ce bari in ja shi, ko ba komai na samu mai dafa mini abinci.

Ruwan sama ne ya tarbe mu a birnin da muka sauka. Tun muna gida na samo mana ɗaki a intanet, wurin wani mutum mai daɗin baki da ya turo hotunan gado biyu da farin labule, muka tura masa abin da ya nema. Muka ja akwatunanmu muna bin lambar gida har muka iso, sai ga mu a ƙofar shagon gyaran keke. Mai shagon ya dubi takardar hannuna ya girgiza kai, ya ce ba mu ne na farko ba. Na tsaya ruwa na zuba a kaina. Mainasara ya leƙa ciki ya dubi tayoyin da ke rataye, ya ce, “Gwani, ɗakin naka na da kyau. Wane taya na gadona?” Mai shagon bai ji Hausa ba, amma ya ga yadda Mainasara ke dariya, shi ma ya kama. Ya shigar da mu, ya ba mu shayi mai zafi da burodi, ya buga wa makarantarmu waya da kansa. Da za mu tafi hannuna ya kama sau ɗaya, Mainasara kuwa har kafaɗa ya dafa masa. Na lura da wannan.

Daga birnin muka shiga mota, daga mota muka shiga jirgin fito, sannan muka iso tashar binciken da aka tura mu. Wurin su fiyod suke ce masa. Teku ne ya kutso cikin ƙasa tsakanin duwatsu biyu masu tsawo, ya yi tafiya mai nisa, baƙi wuluk saboda zurfi. A can ƙuryarsa wani kogi ke gangarowa da ruwan ƙanƙarar da ta narke. Ruwan kogin ba shi da gishiri, sai ya kwanta a sama, na teku ya zauna a ƙasa. Inda suka haɗun nan shi ne wurin aikinmu.

Shugabar aikin wata farfesa ce, doguwa mai furfura, muna ce mata Malama Ingrid. Ranar farko ta ɗora mana ɗigon ruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Na leƙa na ga wasu halittu masu dogayen gashin baki suna tsalle, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, da ɗan jan kitse a cikinsa. Ta ce da sanyi suna nutsewa can ƙasa su yi lamo, idan rana ta dawo su taso sama su hayayyafa. A daidai lokacin ne wani farin kifi mai tafiya garke-garke ke shigowa ya zuba ƙwai. In 'ya'yan kifin suka ƙyanƙyashe suka tarar da waɗannan halittu da 'ya'yansu a yalwace, sun rayu. In suka yi saɓani ko da na 'yan kwanaki ne, yunwa ta kashe su, masuntan yankin su ji a jikinsu bayan 'yan shekaru.

Na riga na shirya tambaya mai ɗauke da sunan Latin har biyu. Ina gyara murya sai na ji Mainasara ya ce a hankali, idonsa a kan madubi, “Ashe tsakin kifi na.” Malama ta ce me ya faɗa? Dole ni na fassara, na yi mata bayanin tsakin da ake watsa wa 'yan kaji. Matar nan ta yi dariya har da tafi, ta ce a rubuta mata kalmar a allo. Har muka bar ƙasar kowa a tashar tsaki yake ce wa halittun nan. Tambayata kuwa ban sake samun wurin yin ta ba.

Direban jirgin tashar wani tsoho ne, Arne, wanda magana ke yi wa wuya. Sati biyu ina gaishe shi yana ɗaga mini gira. Ranar nan Mainasara ya same shi yana ɗinkin raga a bakin gaɓa, ya tsuguna, ya karɓi allurar, ya yi masa irin ƙullin da ake yi wa taru a Jega. Tsohon ya juya ƙullin, ya ja, ya sake ja. Shi ke nan. Daga ranar kullum Lahadi ana kiran Mainasara cin abinci gidan Arne, ni kuma a ce, “Ka zo da ɗan'uwanka.” Matar Arne mutuniyar kirki ce. Ta ware mana tukunya da ba ta taɓa ganin naman alade ba, ta saƙa mana safar hannu ta ulu kowa da tasa. Ina sa safar ina jin ɗumi, ina kuma jin haushin cewa albarkacin Mainasara na ci.

Sanyin farko ya kusa kashe ni. Rana ta fito a makare ta koma tun ba ka gama ganinta ba, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a guje. Albasar da ake sayarwa a kanti ƙatuwa ce, kyakkyawa, amma ka yanka ta idonka a bushe. Wata rana na yanka ɗaya na sa hanci, ban ji komai ba, sai na tuna warin rudun da Baba ke adana albasa idan zafi ya buge shi, na zauna a kicin na yi kuka. Mainasara ya shigo ya gan ni, ya ce, “To, wagga dai ta yi aiki.” Ya karɓi wuƙar ya ƙarasa girkin.

Da rana ta soma dawowa Malama Ingrid ta kira mu ofis. Ta ce akwai gurbin digiri na uku, guda ɗaya tak, kuma aikin da kowannenmu ya yi a wannan bazarar shi zai nuna wanda zai zauna. Ban ma kalli Mainasara ba. A raina gurbin nawa ne tun kafin a faɗa. Baba ya riga ya shaida wa duk Danwarai cewa ɗansa ba zai dawo ba sai da Dakta a gaban sunansa.

Aikin shi ne auna yawan tsaki a bakin kogi. Wurin ba zurfi sosai, babban jirgi mai injin ja ba ya shiga, sai ƙaramin kwalekwale, a ja raga da hannu. Ragar kamar mazurari take, ƙofofinta sun fi na rariyar tankaɗe ƙanƙanta, da kwalba a wutsiyarta. A sake ta har kusa da ƙasa, a jawo ta sama, abin da ya taru a kwalba a zuba masa maganin hana ruɓewa, a kai tasha a ƙidaya. Malama ta nuna mana sau ɗaya, ta ce a ja a hankali, kada a tsaya. Ta raba mana wuri uku-uku, ta bar mu da Arne.

Jan igiya kuma ai ba za a koya mini ba. Kafin Baba ya sayi injin ban ruwa, ni ke shayar da fadamarmu da guga. A duk samarin unguwarmu babu mai fito da guga da sauri kamata: fizga uku, ka ɗan tsaya ka gyara riƙo, fizga uku, guga na baki. Hannuna ya san wannan tun ina ɗan shekara tara. Da na kama igiyar raga a cikin sanyin nan mai yanka yatsu, sai hannun ya yi abin da ya sani. A ganina ma a hankali nake ja, domin da a fadama ne da na ninka saurin. Ina gamawa in shige ɗan ɗakin kwalekwalen in rungumi butar shayi, in bar Mainasara da Arne a waje. Shi Mainasara in ya kama igiya sai ka ce lallashinta yake yi, hannu na bin hannu, kai a sunkuye. Har barci nake ji in na kalle shi.

Ranar farko ya ce, “Manomin albasa, wanga ba rijiya ba ta hwa.” Na ce masa ya ji da ƙarninsa. Sati na biyu ya sake cewa, “Gwani, in kaf fizga, ruwan ba shi ratsa ragar, gefe shika bi. In kat tsaya kuma bakinta shi saki, tsakin su fice.” Na ce a wane littafi ya karanta? Karo na uku bai ce Gwani ba. Ya ce, “Lawali, don Allah ka saurare ni.” Ni kuma na daka masa tsawa a gaban Arne, na ce ni na kawo shi ƙasar nan, ba don ni ba da yanzu yana bakin gulbi yana ƙirga kifin ƙaraya. Tsohon bai ji abin da na faɗa ba, amma ya kau da kai. Mainasara bai ƙara yi mini maganar ba.

Da muka soma ƙidaya, kwalabensa cike, nawa fayau, tsaki jefi-jefi. Wani zai tsaya ya yi tunani. Ni murna na yi. Na ce na gano abin da ba wanda ya gano: a ɓangaren da nake aunawa tsaki ya ƙare, 'ya'yan kifin bana za su mutu da yunwa. Na soma rubutu, har ina hango sunana a mujalla. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, wato kwalaben Mainasara. Wurarensa ba su da nisa da nawa. In nasa gaskiya ne, nawa ya zama abin tambaya. Kuma kullum Malama ta leƙa madubinsa sai na ji ta ce, “Madalla, dubi yadda suka fito ba ko ƙafa ɗaya da ta karye.” Kalmar nan madalla har cikin haƙorina nake jin ta.

Wata safiya na shiga ɗakin sanyi inda ake ajiye samfura, ina neman wani abu daban, sai na ga kwali a bayan shiryayye, an tura shi can ciki. A kan murfin an rubuta “Kada a taɓa” da rubutun Mainasara, wanda ko a mafarki na gani zan gane. Na ɗaga murfin. Kwalabe ne jere, kowacce ta yi jaja-jaja da tsaki, kuma na san babu su a rajistar tashar. Akwai takarda manne a jikin kowacce, amma ban ciro ko ɗaya na karanta ba. Abin da nake so in gani na riga na gani. Na ce ashe haka ne, yana ɗebowa a ɓoye daga wuri mai yalwa yana ƙara wa nasa. Wallahi daɗi na ji. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiyar ba tun da na zo ƙasar.

Ban je wurinsa ba. Ɗan gwaggona, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya, yana ɗaki na gaba, amma na wuce shi na ƙwanƙwasa ƙofar Malama Ingrid. Na sa fuskar damuwa, na ce abin ya yi mini nauyi saboda ɗan'uwana ne, amma gaskiyar ilimi ta fi zumunci. Haka na faɗa, da bakina.

Ta sa aka kira shi, muka shiga ɗakin sanyi mu uku. Ta jawo kwalin, ta ciro kwalba ɗaya, ta juya takardar wajen haske. Ta daɗe tana kallo. Ta ciro ta biyu, ta uku. Sannan ta miƙo mini. A jikin takardar akwai kwanan wata, da lambar wuri, wurina, ba nasa ba. A ƙasa kuma an rubuta da Hausa, “Na Lawali.”

Malama ta ce ya yi bayani. Mainasara ya dubi ƙasa ya yi ta murza safar hannunsa. Ya ce mata a garinsu Lawali da guga ake ban ruwa, kuma hannunsa ya saba. Ya ce ya faɗa mini ban ji ba, shi kuma ba zai iya kai ƙarar yayansa ba. Don haka duk ranar da na gama na shige ɗaki shan shayi, sai ya roƙi Arne ya riƙe kwalekwalen a wurin, ya sake sakin raga ya ja mini wani. Wata uku yana haka, a cikin sanyin da ni na gudar wa. Ya ce yana jira ne in huce ya ba ni.

Washegari ta fita da mu da kanta. Wuri ɗaya, raga ɗaya, na ja, ya ja. Ta ɗaga kwalaben biyu a rana. Tawa kamar ruwan sha, tasa har ta yi duhu. Arne ya tofa yawu a ruwa ya tayar da inji.

Ta yi wa Mainasara faɗa sosai, ta ce ɓoye samfur ba taimako ba ne, da tuni ya zo ya faɗa mata. Ni kuwa a hankali ta yi mini magana, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta ce, “Jan raga zan iya koya maka cikin yini ɗaya. Abin da ya kawo ka ofishina shi ne ban san yadda zan gyara ba.”

Samfurana na wata uku aka zubar. Da kwalaben da ke cikin kwalin nan na rubuta kundina, kuma abin da suka nuna kishiyar abin da na soma rubutawa ne: tsaki ya taso da yawa a wurarena, daidai makon da 'ya'yan kifi suka ƙyanƙyashe. Shekarar mai kyau ce ga kifi. Na ci jarrabawa. Gurbin digiri na uku aka ba Mainasara.

Shi ya rako ni tashar jirgin fito, ya ɗauko mini akwati, ya ba ni saƙon Gwaggo, rigar sanyi da man zafi. Na yi ta juya kalmar haƙuri a baki ta ƙi fita. Ya ce, “Gwani, maganag ga ta tsaya cikin ruwa. Kak ka hwaɗa ma kowa, ni ma ba ni hwaɗi.” Ya faɗe ta a sauƙaƙe, yana gyara mini wuyan riga. Ko wannan sauƙin nasa sai da na yi kishinsa. Jirgi ya tashi ina kallonsa tsaye kusa da Arne, su biyu hannu a aljihu.

Na biya ta Jega na kai saƙo. Gwaggo ta rungume ni tana kuka, ta ce, “Mainasara yac ce kai kar riƙe shi can, kai kak koya mashi komi. Yac ce don kana son gida na kab bar mashi wurin. Allah shi yi maka albarka, Lawali.” Ta ɗaga hannu ta yi ta addu'a. Na bar ta ta yi har ta shafa, na ce amin.

A Danwarai ma labarin da ya riga ni isowa ke nan. Baba bai samu Daktansa ba, amma ya samu ɗa mai zumunci, ya kuma ɗauki wannan yana yawo da shi majalisa-majalisa. Kowa ya yabe ni sai in ji kamar an ɗora mini buhu.

Bayan 'yan makonni injin ban ruwa ya lalace, ga irin albasa a fage yana neman ruwa. Baba ya ɗauko tsohon guga ya ce, “Ga gwanin ja ya dawo, mi za mu ji?” Na tsaya a bakin rijiya na saki igiya. Da na soma ja sai na ga hannu na bin hannu, a hankali, ba fizga, ba tsayawa. Ban yi niyya ba. Gugan ya fito cike har baki, ko ɗigo bai zuba ba.

Baba ya tsaya yana kallona, riƙe da ƙugu. Ya ce, “Kai, Turai ta kashe maka hannu? Wa yak koya maka jan ruwa kamar mai roƙonai?”

Na ajiye gugan a ƙasa. Na ce, “Ɗan Gwaggo na, Baba. Zamna in hwaɗa maka yadda anka yi.”